Tururuwa 'Yar Alkafura: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Raba Ta da Gida



GABATARWA

Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin yadda za a tara mutane masu ayyuka a gabansu, a zaunar da su a babban ɗakin taro na jami'a, don kawai a yi musu bayani a kan tururuwa. Amma duk wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da baƙin layi ya sauko daga silin, ya bi bango, ya shige gwangwanin sukari, ya san cewa al'amarin yana da ban takaici. Abin da akasarin masu gida ke yi a irin wannan hali sananne ne. Sai a aiki yaro ya sayo fiya-fiya, a yayyafa, a rufe ɗaki, da yamma a share gawarwaki. Bayan mako guda layin ya dawo ta inda ya saba, a sake aiken yaro. Haka za a yi ta yi har damina ta wuce, kuɗi na tafiya, iyali na shaƙar guba, tururuwa kuwa tana nan.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayanin wata irin tururuwa guda ɗaya wadda ke yawan shiga gidaje ta wannan hanya, a kuma nuna cewa shigarta gida alama ce ta ɗayan abubuwa biyu: ko dai akwai katakon da ruwa ya jiƙa ya fara ruɓa a ginin, ko kuwa akwai bishiya a kusa wadda darɓa ta kama. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya gano dalilin tsamin ya gyara shi ya rabu da tururuwar, ya kuma ceci rufin ɗakinsa.

WACE CE 'YAR ALKAFURA?

Masana ilmin ƙwari sun rubuta sunayen ire-iren tururuwa fiye da 13,000 a duniya, kuma har yanzu ana gano sababbi. Wani ƙiyasi da aka buga a shekarar 2022 ya nuna cewa da za a raba tururuwan duniya ga 'yan Adam, da kowane mutum ya tashi da kimanin miliyan 2 da rabi. Bahaushe ma bai yi musu kuɗin goro ba, domin ya bambanta tururuwar da ke jidar hatsi a gona da kiyashin da ke bin zaƙi, da cinnaka mai cizo, da kwarkwasa mai tafiya runduna guda.

Wadda ake magana a kanta a nan, masana suna kiran danginta Crematogaster. Wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Peter Lund, wanda ya yi bincike a Barazil, shi ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1831, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "ratayayyen ciki". Masu magana da Ingilishi kuwa suna kiranta da sunan mai wasan alkafura, saboda yadda take ɗaga cikinta sama ta lanƙwaso shi bisa gadon bayanta idan an tsokane ta. Saboda sauƙin bayani, za a riƙa kiranta 'yar alkafura a cikin wannan lacca. Danginta sun ƙunshi ire-ire fiye da 400, ana samunsu a Amurka da kudancin Turai da Asiya da Ostareliya, amma sun fi yawa a ƙasashe masu zafi, musamman a kan itatuwan Afirka. Saboda haka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mai gida yakan gan ta a jikin mangwaro ko gwaiba ko lemo, ya kira ta cinnaka ko kiyashi, ya wuce.

KAMANNINTA

Gane ƙwaro shi ne rabin maganinsa, domin abin da ke korar wata tururuwa ba lalle ne ya kori wata ba. Mai son tabbatarwa sai ya kama guda biyu ko uku da ɗan ƙyalle mai laima, ya ɗora su a kan farar takarda, ya duba da gilashin ƙara girma, ko ya ɗauki hotonsu da wayar hannu ya buɗa hoton. Alamomi biyar ne zai nema.

Ta farko ita ce girma da launi. Ƙarama ce, tsawonta daga kimanin milimita 2 zuwa 4, watau ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Launinta yana kamawa daga ruwan ƙasa mai haske zuwa baƙi, kuma jikinta yakan yi ƙyalli. Wasu ire-iren suna da jan kai da baƙin ciki.

Ta biyu ita ce siffar ciki. Jikin kowace tururuwa kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki. Idan aka dubi cikin 'yar alkafura daga sama za a ga yana da faɗi ta gaba da tsini ta baya, kamar bakin mashi ko zanen zuciya.

Ta uku ita ce ƙugu. Tsakanin ƙirji da ciki akwai siririn ƙugu mai ƙulli biyu. A sauran tururuwai ƙugun yana haɗuwa da ciki ta gaba, amma a wannan yana manne ne ta saman ciki. Wannan haɗi shi ne ke ba ta damar ɗaga cikin sama kamar wutsiyar kunama.

Ta huɗu ita ce ƙaya. A ƙarshen ƙirjin yawancinsu akwai 'yan ƙayoyi biyu masu kallon baya.

Ta biyar, wadda ba ta bukatar gilashi, ita ce hali. Idan aka taɓa layinsu da tsinke za a ga sun watse da gudu, kowace cikinta a sama. Ƙarin da take harbi da shi bakinsa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya huda fata, sai dai ta shafa dafin a jikin abokin gabanta kamar mai shafa fenti. Tana kuma cizo, kuma wasu ire-iren suna fitar da ɗan wari idan an dame su. Cizon yana da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya da hatsari ga mafi yawan mutane.

Wajibi ne a bambanta ta da gara, domin ruɗa su yana jawo asara. Ma'aikatan gara farare ne masu taushin jiki, ba su da siririn ƙugu, kuma suna tafiya ne a ɓoye cikin hanyar laka da suka gina. Idan masu fiffike ne suka fito bayan ruwan sama, sai a dubi abu uku. Fikafikan shinge huɗu tsawonsu ɗaya ne, 'yan ƙahonin kansa miƙaƙƙu ne, jikinsa kuma ba shi da ƙugu. Tururuwa mai fiffike kuwa fikafikanta na gaba sun fi na baya tsawo, ƙahoninta a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu, kuma ƙugunta a fili yake. Gara tana cin katako lafiyayye, saboda haka ganinta yana bukatar gaggawa fiye da ganin 'yar alkafura.

YADDA TAKE RAYUWA

Kowace zuriya tana da sarauniya wadda aikinta saka ƙwai ne. Ƙwai su ƙyanƙyashe su zama tsutsotsi, tsutsotsi su rikiɗa su zama ma'aikata, waɗanda dukansu mata ne da ba sa haihuwa. Ma'aikatan nan su ne ke gina gida, su reni tsutsotsi, su nemo abinci. Idan zuriya ta bunƙasa sai ta fitar da maza da sababbin sarauniyoyi masu fiffike, su tashi sama su yi barbara, mazan su mutu, kowace sarauniya ta zubar da fikafikanta ta nemi rami ta kafa nata gidan.

Abu biyu ne a cikin wannan tsari suka shafi mai gida kai tsaye. Na farko, waɗanda ake gani a bango kaɗan ne daga cikin zuriyar. Sarauniya da tsutsotsi da sauran ma'aikata suna can a ɓoye, don haka kashe na bango ba ya rage komai sai na ɗan lokaci. Na biyu, mai neman abinci ba kanta kaɗai take ciyarwa ba. Takan cika cikinta da ruwan zaƙi ta koma gida ta ɗura wa 'yan'uwanta baki da baki, har ya kai ga tsutsotsi da sarauniya. Za a ga amfanin sanin wannan idan an zo bayanin tarkon abinci.

Layin da suke bi kuwa ƙamshi ne ke riƙe da shi. Yawancin tururuwai suna goga ƙarshen cikinsu a ƙasa su bar alama, amma 'yar alkafura daga ƙafafunta na baya take fitar da wannan sinadari. Ruwan sabulu yana wanke shi, shi ya sa goge hanya da sabulu ke rikita su.

A daji, gidanta kogon bishiya ne, ko busasshen reshe, ko ƙarƙashin ɓawo, ko tsohon kututture. Waɗansu ire-iren na kurmin Afirka suna tauna ɓawon itace da ruɓaɓɓen ganye su gina wata baƙar dunƙulalliyar sheƙa a jikin reshe, wadda kan kai girman tulu. Abincinta ƙananan ƙwari ne, matattu da rayayyu, da kuma zaƙi. Babbar hanyar samun zaƙinta ita ce darɓa da danginta, watau ƙananan ƙwarin da ke tsotson ruwan tsiro suna fitar da wani ruwa mai danƙo kamar zuma. Daga cikin dangin akwai wani farin ƙwaro mai jiki kamar an barbaɗa masa gari, wanda za a kira farar darɓa, da kuma masu ɓawo da ke manne wa reshe ba sa motsi. Tururuwa tana kiwon waɗannan ƙwari kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu. Tana shan ruwan da suke fitarwa, tana kuma korar ƙwarin da ke cinsu.

ABIN DA KE KAWO TA GIDA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yar alkafura ba ta cika fasa katako busasshe mai ƙwari ba. Abin da take nema shi ne katakon da laima ta riga ta tausasa, ko ramin da gara ko wani ƙwaro ya haƙa ya bari. Saboda haka wuraren da aka fi samun gidanta a gini sanannu ne: katakon rufi a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, allon da ke bakin rufi inda ruwa ke kwanciya, gindin katakon ƙofa da na taga, silin ɗin banɗaki, da bayan bututun da ke ɗiga. A ginin ƙasa kuwa sai a duba azarar da ke kusa da indararon da ya toshe ko ya tsage. A Amurka da Turai an sha samunta a cikin soson roba da ake sa wa bango don tare sanyi, kuma a Amurka an ba da rahoton ta gaigaye robar wayar lantarki. Alamar gidanta ita ce ɗan tarin ɓarɓashin katako da ƙura da gaɓoɓin matattun ƙwari da ake gani a ƙasa, daidai ƙarƙashin wata tsaga.

Sau da yawa kuma gidan nata ba ya cikin gini, yana kan bishiyar tsakar gida. Reshen mangwaro da ya kwanta a kan rufi gada ce, haka ma wayar lantarki, da igiyar shanya, da bututun ruwa, da tulin itacen girki da aka jingina da bango. Bishiyar da darɓa ta kama ba ta da wuyar ganewa. Ganyenta yana danƙo, baƙar fumfuna ta rufe shi kamar an shafa kunkunniya, tururuwa kuma tana hawa da sauka ba dare ba rana.

DARASI DAGA GONAKIN KOKO NA GANA

Domin a ga girman abin da wannan kiwo na tururuwa ke iya haifarwa, ya kyautu a bar tsakar gida na ɗan lokaci a leƙa gonakin koko na ƙasar Gana. A shekarar 1936, lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas, aka ba da rahoton wata cuta a gabashinta, mai kumbura rassan koko, ta rage 'ya'ya, ta kashe bishiya cikin 'yan shekaru. A shekarar 1940 wani masani mai suna Posnette, wanda ke aiki a tashar bincike ta Tafo, ya tabbatar da cewa ƙwayar bairas ce ke haddasa ta. Daga baya aka gano cewa farar darɓa ce ke ɗaukar cutar daga bishiya zuwa bishiya. Binciken da wani masani mai suna Strickland ya buga a shekarar 1951 ya nuna cewa farar darɓar ta fi yawa a bishiyoyin da 'yar alkafura ke zaune, domin tururuwar tana gina mata 'yan rumfuna tana tsaronta.

Cutar ba ta da magani, sai sare bishiya. An fara aikin saran a shekarar 1946, manoma suka yi ta tirjiya, har ya zama ɗaya daga cikin koke-koken da aka ji bayan tarzomar 1948. Daga wancan lokaci an sare bishiyoyin koko fiye da miliyan 200 a Gana. Tururuwar ba ita ke ɗaukar cutar ba, amma ita ce ke raya mai ɗaukarta. Darasin da mai gida zai ɗauka shi ne, tururuwa da darɓa tare suke tafiya, kuma wanda ya yaƙi ɗaya ya bar ɗaya bai gama aiki ba.

AMFANINTA

Kada wannan labari ya sa a ɗauka cewa 'yar alkafura sharri ce zalla. A yankin Laikipia na ƙasar Kenya akwai wata ƙaramar bishiyar ƙaya, 'yar'uwar bagaruwa da farar ƙaya, wadda gindin ƙayoyinta ke kumbura ya zama kogo. 'Yar alkafura tana zama a cikin kogon, tana shan zaƙin da ganyen ke fitarwa, ita kuma tana tsaron bishiyar. Binciken da aka buga a shekarar 2010 ya nuna cewa giwa kanta tana guje wa rassan da tururuwar ke kai, domin suna shige mata hanci su yi ta cizo. Wani binciken na shekarar 2024 a gandun dajin Ol Pejeta ya nuna abin da ya faru sa'ad da wata baƙuwar tururuwa mai ƙaton kai ta mamaye wurin ta karkashe 'yar alkafura. Giwaye suka riƙa karya bishiyoyin ninki 5 zuwa 7 na yadda suke yi a da, daji ya yi fili, zakoki suka rasa maɓoya, suka rage kama jakin dawa suka koma wa ɓauna.

A lambun gida ma tana cin ƙwai da tsutsotsin ƙwari masu ɓarna. Saboda haka manufar mai gida ita ce ya raba ta da ɗakinsa, ya kuma hana ta kiwon darɓa a bishiyarsa. Wadda ke can ƙarshen fili a tsohon kututture, ba ta shiga ɗaki, ba ta da laifin da za a bi ta.

HANYOYIN MAGANCE TA

Matakan da ke biye an jera su ne bisa tsarin da ya kamata a bi, domin tsallake na farko yana ɓata na ƙarshe.

Mataki na farko shi ne bin sawu. Kafin a kashe ko ɗaya, a ajiye ɗigon ruwan sukari a kan hanyarsu, a jira su ƙoshi, sa'an nan a bi masu komawa. Layin zai kai mutum ko dai ga wata tsaga a gini ko ga bishiya.

Mataki na biyu shi ne tsayar da ruwa. A kira kafinta ya hau rufi ya duba, a liƙe ramukan ƙusa, a canja kwanon da ya huje, a share indararo, a gyara famfon da ke ɗiga. Katakon da ake zargi a caka masa sukundireba. Idan ta shige ba da ƙarfi ba, ya ruɓe, sai a cire shi a ƙone, a sa sabo. Sau da yawa cire ruɓaɓɓen katakon yana tafiya da gidan tururuwar gaba ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa da wannan duba shi ne bazara kafin ruwa ya sauka, da kuma kaka bayan ya ɗauke, sa'ad da tabon yoyo ke nan a silin bai ɓace ba.

Mataki na uku shi ne yanke gada. A datse duk reshen da ke taɓa rufi ko bango, a bar tazarar kamar mita ɗaya. A janye itacen girki daga jikin gini, a tone tsohon kututturen da ke kusa, a liƙe inda waya da bututu suka huda bango da siminti ko abin liƙi. Reshen da ya shiga cikin wayar lantarki kuwa aikin ma'aikatan lantarki ne, kada a sa yaro.

Mataki na huɗu shi ne yaƙar darɓa. A yanke rassan da suka kamu ƙwarai a ƙone. Sauran a fesa musu ruwan sabulu, kimanin babban cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, da yamma, a tabbata ya jiƙa ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako guda. Ana kuma daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, a tace a fesa. Bayan haka sai a naɗa leda mai kauri a gindin bishiya a shafa mata giris, don tururuwa ta kasa hawa. Kada a shafa giris a kan ɓawo kai tsaye, domin yana iya cutar da bishiya. Da zarar an raba darɓa da masu tsaronta, ƙwarin da ke cinta za su rage ta da kansu.

Mataki na biyar shi ne tsabta. A rufe sukari da zuma da madara da ƙuli-ƙuli a mazubi mai murfi, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a goge hanyar tururuwa da ruwan sabulu. Wannan ya fi shafar ɗalibai a ɗakunan kwanansu, inda akwati ɗaya ke zama sito da madafa.

Mataki na shida, idan har an yi waɗannan ba su daina ba, shi ne tarkon abinci. A narkar da giram 5 zuwa 10 na hodar borik, wadda ake samu a kantin magani, tare da kimanin giram 200 na sukari a lita ɗaya ta ruwa. A jiƙa auduga da shi, a sa a kwalba mai murfi da aka huda wa 'yan ƙananan ramuka, a ajiye a kan hanyarsu inda yara da kaji ba za su kai ba, a kuma rubuta gargaɗi a jikin kwalbar. Hikimar ita ce maganin ya zama mai rauni, yadda mai ɗauka za ta rayu har ta kai gida ta raba. Wanda ya ƙara hoda don ya ga aiki da sauri zai kashe masu ɗauka a hanya, sarauniya ta tsira. Aikin yakan ɗauki makonni, kuma kada a yi feshi kusa da tarkon. Wani lokaci sukan fi son maiƙo da nama a kan zaƙi, sai a gwada da ɗan tunkuza. Idan gidan nasu yana cikin kututture a waje, tafasasshen ruwa ya isa. Idan kuwa yana cikin bango ko kusa da wayar lantarki, a nemi ƙwararren mai aikin kashe ƙwari wanda ke da lasisi.

HATSARIN GUBA

Garin neman gira kada a rasa ido. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabe ana sayarwa a bakin hanya, galibi sinadarin DDVP ne a cikinta, wanda aka yi don gona da rumbu. Wannan sinadari yana hana jijiyoyin jiki aikinsu, na ƙwaro da na mutum baki ɗaya, kuma yana shiga jiki ta numfashi da ta fata da ta baki. Alamomin kamuwa sun haɗa da dalalar miyau, da gumi, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi. Yara ƙanana da masu asma sun fi shiga hatsari. A shekarar 2019 Hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana sayar da magungunan gona masu ɗauke da wannan sinadari a kasuwanni da manyan kantuna. Haka nan Gamalin, wanda dattawa suka sani, sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun shekarar 2009. Idan tsautsayi ya auku wani ya sha ko ya shaƙa, a fitar da shi iska, a cire tufafin da suka jiƙe, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma a tilasta masa amai.

Ban da hatsari, feshin ba ya biyan bukata. Yana kashe na fili ya bar na ɓoye, kuma yana rufe wa mai gida ido daga yoyon da ke cin rufinsa.

KAMMALAWA

Akwai nauyi a nan a wuyan kowa. Ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati, idan ya ga wannan tururuwa tana fitowa daga silin, ya rubuta wa sashen ayyuka rahoton yoyo tun katako ɗaya ne ya lalace, kafin ya zama rufi duka. Jami'in da rahoton ya iso teburinsa ya tuna cewa kuɗin canja falle ɗaya na kwano bai kai na sake silin ba. Duba-gari da malaman gona su sa wannan bayani cikin abin da suke faɗa wa jama'a. Ɗaliban kimiyya kuma suna da fili a buɗe, domin tattara tururuwan unguwa ɗaya, da tantance su, da rubuta sunayen da mutanen wurin ke kiransu, aiki ne da ɗalibi zai iya yi da kwalba da gilashi da haƙuri.

A taƙaice, mai gida ya fara da gane ƙwaron, sa'an nan ya bi layinsa, ya tsayar da ruwa, ya datse reshe, ya yi maganin darɓa, ya rufe abinci. Guba ita ce ta ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma kaiwa gare ta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.